Yatsan Fanka da Murar Maɗaba'a

Duk faɗin maɗaba'ar nan babu wanda ya riƙe sunan 'yar kawuna na gaskiya. Ka shiga ka ce wance kake nema, sai a kalle ka kamar ka ɓata hanya. Amma ka ce Fanka, ko injin buga takardu sai ya rage ƙara ya nuna maka teburinta.

Shekararta ashirin da uku a teburin harhaɗa littafi. Ta shigo ne da goyo a baya, watanni kaɗan bayan rasuwar mijinta, tana share guntayen takarda a ƙarƙashin injin yanka. A nan ta raini tilon 'yarta. Yarinyar ma a jikin shafukan da tawada ta ɓata ta koyi karatu, shi ya sa har ta girma ta san tsakiyar labarai da yawa amma ba ta san ƙarshensu ba. Ita kuwa uwar gajeriya ce, in ta hau kujerar aiki ƙafafunta reto suke yi, sai an tura mata ɗaurin lalatattun littattafai ta taka. Amma hannu, sai wanda ya gani.

Ga yadda aikin yake. Inji ya buga shafuka, a ninke su ɗauri-ɗauri, a jera a dogon tebur. Mata huɗu ne ke zama a jere. Doguwa ce ta farko, ta haɗa nata ɗaurin, ta duba lambobin shafi a kusurwar ƙasa, ta miƙa wa Maman Biyu. Maman Biyu ta ƙara nata, ta duba, ta miƙa wa 'Yar Gayu. 'Yar Gayu ta ƙara, ta duba, ta miƙa wa Fanka. Ita ce ta ƙarshe, ita ke bin littafi tun daga shafin farko har na ƙarshe kafin a kai shi ɗinki. In ta kama kusurwar nan, shafuka na wucewa firrr, iskar har ɗankwalin 'Yar Gayu take ɗagawa. An ce wata rana da wuta ta ɗauke, Manaja ya jawo kujera ya zauna gefenta yana shan iska. Ita dai ta ce ƙarya ake mata, amma ba ta taɓa rantsewa ba.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin Fanka a duniya: mura. Ba 'yar murar nan ta shan yaji da share hanci ba, babbar, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, wadda ke shigowa maɗaba'a duk lokacin sanyi kamar tana da katin aiki. Bara kwana goma ta kwantar da ita, muryarta ta koma ta kwaɗo. Bara waccan kuwa ranar da 'yarta ke karɓar takardar kammala makaranta, Fanka na ƙudundune cikin bargo uku tana karkarwa. Kujerar da aka ajiye mata jakar wata ce ta zauna a kai. Har yau in aka tuna mata sai ta juya fuska ta ce ƙurar takarda ce ta shiga idonta.

To bana 'yar tata na da ciki wata tara, tana can garin mijinta, tafiyar yini guda a mota. Ta bugo waya.

"Umma, saura sati uku. Kuma malamar asibiti ta ja mana kunne, ta ce mai mura ko ƙofar ɗakin jariri kada ya leƙa."

"Wa ya ce miki zan yi mura?"

"Umma, ke fa ce."

Fanka ta ajiye waya ta wuce ofishin Manaja. Shi kuma a lokacin ya karɓo aikin littafin kimiyya na 'yan firamare guda dubu shida, makarantu na jira.

"Ranka ya daɗe, hutun wata guda nake so."

"Ranar da littafi na ƙarshe ya hau mota, hutunki ya fara," in ji shi. "Kafin nan ko inuwarki ba zan bari ta fita ba."

Ta fito tana lissafi da yatsu: sai littafi ya ƙare, kuma sai ita ta ƙare da lafiyarta. In ɗaya ya kuɓuce, wata ce za ta fara ɗaukar mata jika.

Allurar rigakafin mura dai ta riga kowa yi, tun sanyi bai gama shigowa ba, duk da cewa ita ce matar da ke rufe ido in ta ga ana saka zare a allurar ɗinki. Yanzu sai ta tasa matan teburin gaba kamar agwagwa da 'ya'yanta, har asibitin bayan layi. Malamar asibiti ta yi musu allurar, sannan ta ce, "Allurar nan sai ta yi kamar sati biyu kafin ta kama jiki, kuma ba ita kaɗai za ta tsare ku ba. Ku wanke hannu, ku bar iska ta shiga, mai zazzaɓi ya zauna gida."

Fanka ta haddace wannan kamar karatun jarrabawa. Washegari ma'aikata suka tarar da maɗaba'a ta canja. Kofin roba ɗin nan shuɗi da ke ɗaure jikin tulun ruwa tun zamanin tsohon manaja, wanda bakin kowa ya san shi, ya ɓace. Kowa ya zo da nasa. Tagogin da aka shekara goma ba a buɗe ba ta sa an ɓalle su, iska ta shigo ta kwashi shafi na arba'in ta watsa har bakin titi, sai da aka danne kowane ɗauri da guntun ƙarfe. Sabulu a bakin famfo, ɗaure da igiya don kada ya yi ƙafa. Takunkumin rufe baki da hanci ga kowa. Ta ma matsa wa Manaja sai da ya sayo ma'aunin zafin jiki ya ajiye a aljihun tebur.

Mutum ɗaya ne ya ce bai san zancen ba: Baba Mai Inji. Dattijo ne da ke alfaharin cewa shekara talatin bai taɓa fashin aiki ba. Ya ƙi allura, ya rataya takunkumi a kunne ɗaya kamar ɗan kunne. Ranar Litinin sai ga shi ya shigo idanu jajur, yana tari kamar tsohuwar mota a hawa.

Fanka ta sauko daga kujera ta tare shi a gindin inji. Kanta iyakar aljihun rigarsa.

"Baba, ina kwana. Gida za ka koma."

"'Yar nan, tun kina shara nake kan injin nan. Ni mura ke tsoro."

"To bari mu tambaye ta." Ta ɗaga ma'aunin zafi. "Sunkuyo, Baba, ba zan iya kai wa ba."

Ya sunkuya yana gunaguni. Abin ya yi ƙara, ta nuna wa Manaja lambar. Manaja ya ja da baya taku biyu.

"Shafukan ai an gama bugawa, Baba," in ji shi. "Je ka kwanta, ranar yau ba za mu rubuta ta cikin fashi ba."

Baba ya fita yana waiwayen injinsa kamar wanda aka raba da amarya. Fanka ta bi duk inda hannunsa ya taɓa da tsumma da ruwan sabulu, ta koma kujera tana murmushi a bayan takunkumi. A ganinta ta gama yaƙi.

Ranar Laraba Doguwa ba ta zo ba. Zazzaɓi.

Ranar Juma'a Maman Biyu ta bugo waya da murya kamar daga cikin rijiya.

Hankalin Fanka ya tashi. Ta zauna tana kallon kujeru biyu da babu kowa. Mai yanka lafiyarsa ƙalau, ga shi can yana fito. Mai shafa gam ƙalau. Manaja da ya tsaya gaban Baba ma ƙalau. Murar nan ba tsalle take yi ba, layi take bi: inji, kujera ta ɗaya, kujera ta biyu. Saura ta uku, sai ita. Mura ce mai tarbiyya, ba ta tsallake na gaba da ita.

Ta ajiye aiki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zuba wa 'Yar Gayu ido. Yarinyar ta ɗauki ɗauri ta jera. Sai ƙaramin yatsanta ya ja takunkumi ƙasa kaɗan, manuni ya taɓa harshe, ya sauka a kusurwar shafi, takunkumi ya koma. Duka bai kai ƙiftawar ido ba. Ta sake ɗauka, ta sake yi.

Fanka ta fizgi littafin ta ɗaga shi saitin taga. A kusurwar ƙasa ta dama, daidai kan lambar shafi, ga ɗan tabon danshi. Ta jawo wanda aka haɗa shekaranjiya: kusurwar ta ɗan kumbura ta lanƙwashe, inda yatsa ya sauka kan yatsa. Ta tuna Baba ma haka yake ɗaga takarda in zai duba tawada.

"Na kama ta!" Ta daka tsalle daga kujera har ɗaurin littattafan ƙafarta ya watse. "Na kama ɓarauniya! Ga hanyarta nan! Ke 'Yar Gayu, ashe duk kwalliyar nan lashe-lashe kike mana a littafin mutane? Baba ya lasa ya taɓa, Doguwa ta taɓa ta lasa, Maman Biyu ta ɗora nata! Wane ƙazami ne ya koya muku wannan?"

'Yar Gayu ta kalle ta, ta kalli mai yanka da ya leƙo.

"Yaya, in faɗa?"

"Faɗi mana!"

"Ranar da na fara aiki, wa ya kama hannuna ya ce busasshen yatsa ba ya abin kirki a teburin nan? Wa ya ce in ga yadda ake yi, ya lasa har sau uku?"

Mai yanka ya koma bayan injinsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Fanka ta dubi manuninta na dama. A jiƙe yake. Ita da kanta, da takunkuminta da allurarta da sabulunta mai igiya, tun safe take ja tana lasa ba ta sani ba. Shekara ashirin da uku tana zaune a ƙarshen layi tana karɓar yawun mutum uku a kowane littafi, sannan ta koma gida ta ce sanyi ne ya kama ta. Yadda ta tsallake wannan satin kuwa, Allah ne ya kiyaye, sai kuma allurar da ta yi da wuri.

Ta ruga famfo. An ce rabin sabulun nan a ranar ya ƙare.

Kafin a dawo daga hutun rana ta samo murafun kwalba, ta yanka sabon soso gunduwa-gunduwa, ta saka a ciki ta ɗiga ruwa. Kowa da nasa, an rubuta lambar kujera a gindi, kullum da safe a wanke da sabulu.

"Daga yau yatsa soso zai je, ba baki ba. Kuma a ɗaure takunkumi ta ƙeya, ƙulli biyu."

Faɗa da baki ba wuya. Yatsan da ya shekara ashirin da uku yana zuwa wuri ɗaya ba ya jin magana. Ta dangwala soso, yatsa ya tashi da kansa ya nufi baki, ya ci karo da takunkumi, ya bar tabon ruwa. Kafin la'asar gaban takunkuminta ya jiƙe sharkaf kamar ta sha ruwa da shi. Ga sauri ya tafi. Shafukan da ke wucewa firrr suka koma fal, fal, fal. Manaja ya zo ya tsaya gefenta, ya miƙa tafin hannu yana neman iska.

"Yau Fanka ta koma mafici," in ji shi. "Littafi dubu huɗu ya rage, mutum biyu a tebur. Anya?"

"In kana tausayin littafin, ranka ya daɗe, ga kujerar Doguwa nan."

Ya kalli kujera, ya kalli kalanda, ya naɗe hannun riga ya zauna. Mai yanka ya hau ta Maman Biyu. Ɗaurin farko da Manaja ya ɗauka, hannunsa ya nufi baki. Fanka ta miƙa rula ta kan mutum biyu ta ɗala masa a bayan hannu.

"Ni kika buga?"

"Yatsan na buga, ranka ya daɗe. Kai ina ni ina taɓa ka."

Daga nan abin ya koma gasa. Duk wanda aka ga tabon ruwa a takunkuminsa, sai sauran su buga tebur su yi masa ihu, har masu wucewa a titi na leƙowa ta taga. Ranar farko Fanka ce ta ɗauki kambi, an buga mata tebur ya fi sau ɗari. Rana ta uku sau tara. Rana ta biyar takunkuminta ya yini a bushe ƙayau. Sai kuma ta gano wani abu: soson nan yana nan gefen littafi, ya fi baki kusa. Yatsa ba ya doguwar tafiya. Ɗankwalin 'Yar Gayu ya fara motsi.

A ranar ce Doguwa ta bayyana a bakin ƙofa, ta yafa mayafi biyu, leɓe a bushe.

"Yaya, na ji an ce aiki ya tsaya. Na sha magani, na ji sauƙi. Bari in kama muku ko na yini ɗaya ne, kada ki rasa haihuwar nan."

Fanka ta dubi tulin da ya rage, ya kusa taɓa silin. Doguwa kaɗai ta fi Manaja da mai yanka a haɗe, har da canji. Da hannunta a tebur, kwana biyu za a rage. Ta haɗiye yawu, nata na kanta, ta ɗauko ma'aunin zafi ta miƙa hannu daga nesa. Lambar ta haura.

"Ƙanwata, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma koma. Sai zazzaɓin ya sauka da kansa, kin yini kin kwana babu shi ba tare da magani ba. Kujerarki ba inda za ta."

"Yaya, aikin fa?"

"In kika shigo, mu huɗun nan ma sai mun kwanta. Tafi, zan aiko miki da lemo."

Fanka ta dawo ta zauna, ta duƙufa kan aiki har aka tashi. Littafi kawai ke wucewa.

Bayan kwana uku Doguwa ta dawo garau. Kwana biyu a kai sai ga Maman Biyu. Baba Mai Inji ma ya dawo ya rame, wuyansa kamar na zakara, ya tsaya gaban Fanka yana kallon gefe.

"'Yar nan, wannan soson naku, akwai babba? Yatsana ba ya shiga murfin kwalba."

Aka ba shi murfin gwangwani. 'Yar Gayu kuwa ko atishawa ba ta yi ba. A kujera ta biyu layin mura ya yanke.

Ranar ƙarshe mota na tsaye a ƙofa, direba na danna ham, saura littafi ɗari uku. Wayar Fanka ta yi ƙara. Surukinta ne.

"Umma, mun taho asibiti. Abin ya zo da wuri."

Abin da ya faru bayan nan, waɗanda suka gani har yau ba su daidaita a kai ba. Mai yanka ya ce bai ga hannunta ba sam, inuwa kawai ya gani. Maman Biyu ta ce kalandar bango sai da ta juya wata biyu. Sau uku ana ƙara wa sosonta ruwa. Mai gam da mai ɗinki na gudu, Manaja da kansa na dakon kwali zuwa mota. Littafi na ƙarshe ya bar hannunta, ta miƙe tsaye a kan ɗaurin ƙafarta ta ɗaga hannu sama.

Sai ta yi atishawa.

Guda ɗaya tak, cikin takunkumi. Amma kowa ya saki aikin hannunsa ya waiwayo. Fanka ta tsaya ƙiƙam, idanunta suka kawo ruwa. Manaja ya ajiye kwali a hankali, ya je aljihun tebur ya ɗauko ma'auni.

"Dokarki ce," in ji shi. "Ɗago goshi."

Abin ya yi ƙara. Ya duba, ya sake aunawa, ya juya lambar kowa ya gani. Lafiya lau.

"Ƙurar takarda ce!" in ji 'Yar Gayu. "Ita ta tayar da ita da iskar hannunta!"

Ihun da aka yi sai da direba ya fito daga mota. Duk da haka Fanka ba ta yarda ba, sai da ta biya ta asibitin bayan layi da jakarta a ka, malamar ta leƙa maƙogwaronta, ta saurari ƙirjinta, ta ce, "Kaka, an ba ki hanya."

Washegari da hantsi ta isa. Mace aka haifa, mai kumatu. Fanka ta wanke hannu har gwiwar hannu sau biyu, ta ƙara ɗaure takunkumi, sannan ta zauna aka ɗora mata jikarta a cinya. Matar da ke bin shafi ɗari biyu kafin ka ce wani abu, sai da ta ɗauki minti goma tana ƙirga yatsu goma.

Surukin ya miƙo mata ɗan littafin asibiti. "Umma, duba nauyinta, yana shafi na uku."

Shafukan sababbi ne, sun manne da juna. Manunin Fanka ya tashi a hankali ya nufi sama.

"Umma!" in ji mai jego daga kan gado.

Yatsan ya tsaya a iska. Fanka ta harare ta, ta ce, "Hanci zan sosa." Sannan ta zura hannu a jaka ta fito da murfin kwalba mai lamba huɗu a gindi, ta miƙa wa surukinta.

"Ɗiga mini ruwa a nan, ɗana. Kaɗan fa, kada ka cika."